Rasuwar Shamuwa, Jirgin da Aka Haifi Ɗan Sama a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Soumaïla Moutari, tela a wani ɗakin ɗinkin rigunan fata a Paris, wanda mutanen gida suka fi sani da Ɗan Sama, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Montreuil, La Courneuve da Villeurbanne rasuwar Shamuwa, jirgin sama mai farfela biyu, irin wanda ake kira Dakota. Ta rasu ranar Laraba ɗaya ga Oktoba, 1986, a wani fili da ke gabas da birnin Lyon, tana da shekara arba'in da biyu a duniya. Ba faɗowa ta yi ba, kuma ba ta tafi da ran kowa ba. A tsaye ajali ya same ta, kan ƙafafunta, cikin ciyawa.

Bukari, magatakardan ƙungiyar 'yan Damagaram, shi ya rubuta wannan sanarwa a madadin mai makoki, domin a 'yan kwanakin nan Malam Soumaïla ko zare ba ya iya zura wa allura, balle ya riƙe alƙalami. Wanda ya ga dama ya yi dariya, wai ƙato mai shekara talatin da biyar yana makokin ƙarfe. Mu ma mun yi dariyar nan da fari. Sai dai a sani, marigayiya ita ce shaidar haihuwarsa, kuma ranar Alhamis mai zuwa ake jiran shaidar nan a ofishin takardun zama.

Ga yadda zumuncin ya ƙullu. A daminar 1951, mahaifiyarsa Halimatou, Allah ya jiƙan ta, ta kwana biyu tana naƙuda a Damagaram, haihuwa ta ƙi zuwa. Likitan gari ya ce sai dai Yamai. A ranar kuwa jirgin wasiƙu ya sauka, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Shamuwa saboda da ruwan farko suka fara ganinta. Aka shimfiɗa wa Halimatou tabarma tsakanin buhunan wasiƙu, ƙanwar mijinta, Gwaggo Hassia, ta zauna a gefenta tana salati. Suna can tsakanin Maraɗi da Birnin Ƙonni, Shamuwa ta faɗa wani ramin iska, ta yi ƙasa, ta yi sama, ta jijjiga kowa da komai. Abin da ya gagari ungozoma uku cikin kwana biyu, ita ta gama shi kafin a ƙifta ido, sai kukan jariri aka ji.

Gwaggo Hassia ta kwance reza daga bakin zaninta ta yanke cibi. Sai ta duba inda za ta binne, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a bayan ɗakin uwarsa, ta ga babu ƙasa. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta naɗe guntun cibin a tsumma ta cusa shi ta wata tsaga a daɓen jirgin. Matuƙin, wani Bature mai jan gashi, ya leƙo, ya cire hularsa, sannan ya yagi takarda ya yi 'yan rubuce-rubuce ya miƙa mata. Da aka koma gida babu mai karanta boko a dangin, amma kowa ya yarda cewa rubutun mutumin da ke tashi sama da ƙarfe ba ƙaramin asiri ba ne. Aka kai wa baduku ya ɗinke takardar cikin jar fata, aka ɗaura wa jariri. Shekara talatin da biyar layar nan tana damtsen Malam Soumaïla, sai dai a sauya mata igiya.

Tun daga ranar bai sake shiga jirgin sama ba. Mahaifiyarsa ta sha gaya masa cewa sama ta ba da shi aro ne, kada ya kuskura ya koma ta gan shi. Ya san maganar tsofaffi ce, ya san rai a hannun Allah yake, amma ko Faransa da zai zo, bayan babbar mota ya hau ta Agadas da Tamanrasset, ya ƙetare teku cikin jirgin ruwa zuwa Marseille. Sai ga shi Allah ya zaunar da shi a La Courneuve, inda jirage ke ratsa saman gidaje safe da yamma. Duk wanda ya taɓa tafiya tare da shi ya san yadda yake noƙe wuya in ɗaya ya gitta.

Fitinar ta taso ne a watan Yuli na bana. Takardar da aka yi masa lokacin shiga lakkwal, wato makarantar boko, ta ce a Damagaram aka haife shi, inda aka tashi. Ta asibiti kuma ta ce Yamai, inda aka sauka. Shekara goma sha huɗu yana ƙasar nan ba wanda ya jera su wuri guda, sai da ya je sabunta katin zamansa, wata Madam mai tabarau ta shimfiɗa su a kan tebur, ɗaya kusa da ɗaya.

Ta ce, "Mushe," wato Malam a Faransanci, "ba a haifar mutum ɗaya a gari biyu. Ɗaya daga cikin takardun nan ta ƙarya ce. Wacce?"

Ya ce, "Madam, duka biyun sun yi kusa da gaskiya. A tsakani aka haife ni. A sama."

Ta cire tabarau ta dube shi, irin duban da ake yi wa wanda zai yi wuya ya kai gida da kansa. Ta ba shi takardar wucin gadi ta wata uku, ta ce ya dawo da hujja. Ya fito yana jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa, ya wuce tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sau biyu bai gan ta ba.

Ya aika gida, amsa ta zo cikin kaset da wani alhaji ɗan kasuwa ya riƙo. Muryar Gwaggo Hassia ce, ta tsufa ƙwarai, ana jin awaki a bayanta. Bayan gaisuwa mai tsawo ta ce, "Ɗan Sama, ka ji ni da kyau. Layar nan ta hannunka ba ta malam ba ce, ta Nasaran jirgi ce. Ka farke ta. In da alhaki, a wuyana." A kaset ɗin ne kuma muka ji muryar marigayiya, iyakar abin da ya rage mana daga gare ta, ta bakin tsohuwar: "Cewa take gur-gur-gur, gur-gur-gur, sai ta yi tari, tuf, tuf, sai ta ja numfashi, wuuu, kai ka ce shi ke nan. Sai kuma ta ci gaba, baiwar Allah."

Da almakashin sana'arsa ya farke fatar, matarsa Kadidiatou tana riƙe masa hannu don kada ya yanke abin da ke ciki. Takardar ta yi ja, ta yi laushi, amma rubutu na nan: rana, da sa'a, da haruffa biyar na sunan jirgin, da wata doguwar lamba, da sa hannun matuƙi. Ya garzaya da ita ofis yana murna. Madam ta juya ta gaba da baya, ta ce kowa na iya samun tsohuwar takarda ya yi rubutu, kamfanin da aka ambata ma ya mutu tun kafin ta fara aiki. In yana so ta yarda, ya kawo mata abin da zai nuna jirgin nan ya taɓa wanzuwa. Daga ranar Malam Soumaïla ya zama mai cigiyar jirgi, damtsensa kuma babu komai, yana ta kai hannu wurin yana shafa fata.

Akwai wasu Turawa a Paris da Allah ya jarabce su da son tsofaffin jirage. Ran Lahadi sukan tsaya jikin shingen filin Le Bourget da madubin hangen nesa, suna rubuta lambobi cikin littafi. Sati uku yana zagaya su daga nesa, yana tsoron kada a ce me baƙin mutum yake yi jikin shingen filin jirgi. A na huɗu ya yi ta maza ya miƙa wa wani tsoho takardar. Tsohon, ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, ya karanta lambar, idanunsa suka kawo ruwa don murna, ya ja shi har gida. Ɗakinsa cike yake da kwalayen takalma, kowane kwali cike da katuna, kowane kati rayuwar jirgi guda. Shi ya koya masa cewa haruffan da ake rubutawa a jikin jirgi fenti ne kawai, suna sauyawa da maigida. Sunan yanka yana kan wani ɗan farantin ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, an kafe shi a ciki kusa da ɗakin matuƙi, kuma wannan ba ya sauyawa har mutuwa.

Daga katin nan muka samu tarihin marigayiya, muna kuma kawo shi domin a san wadda aka rasa. An haife ta a Amurka a 1944, ta ga yaƙi tana jaririya, ta ɗauki sojoji da masu rauni. Da aka yi sulhu aka sayar da ita Faransa, aka raɗa mata haruffan da ke cikin layar, ta yi shekara goma sha huɗu tana kai wasiƙu da magani tsakanin Yamai, Damagaram da Fort-Lamy ta ƙasar Chadi. Da aka ba da mulkin kai ta sauya suna ta zauna bakin teku tana jigilar ma'aikata. Daga nan ta yi Sifen, ta yi dakon kifi da furanni, wanda ba aikin da ya dace da shekarunta ba ne, amma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ta dawo Faransa da suna na biyar, masu tsalle da laima suna hawa suna dirowa daga cikinta don nishaɗi. Suna biyar ta yi a ƙasa huɗu, babu wata Madam da ta ce mata ƙarya take. Layin ƙarshe na katin da fensir aka rubuta: 1979, an ajiye, yankin Lyon, da alamar tambaya.

Yankin Lyon kuwa ba ƙofar gida ba ne. Sai ya buga wa Yaya Sahadatou waya, 'yar wan mahaifinsa, wadda ta shekara ashirin tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Villeurbanne, mace mai kaifin baki da ba ta ajiye magana. Ta bi ƙananan filayen jirgi ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutunta, har ta hango wata wutsiya ta leƙo daga bayan rumbun ajiya. Wani tsohon makaniki ne ke kula da wurin, kuma ran Asabar kaɗai yake zuwa ya buɗe ƙofa.

Kowa ya tuna yadda Satumban nan ya kasance a Paris. Bama-bamai sun tashi a gidan waya, a kanti, a bakin titi. 'Yan sanda da sojoji sun cika tashoshi, ana zazzage jakunkuna, irinmu kuwa akan tare mu sau uku kafin mu kai aiki. Ranar Asabar ashirin da bakwai ga wata Malam Soumaïla ya kama hanyar Lyon. Kadidiatou ta aro masa kyamara, ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya ce ba za a kama shi da ita kusa da filin jirgi ba. Goro ya saka a aljihu, domin ba a zuwa gaida babba hannu sake. A Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasa da ke Paris, aka tare shi, ɗan sandan ya daɗe yana duban takardar wucin gadin, ya kuma fasa goro ɗaya ya shinshina. Yaya Sahadatou tana aiki ranar, kwatance kawai ta yi masa, ya shiga bas shi kaɗai.

Ya same ta a ƙarshen filin. Injin ɗaya babu, tagogi sun dushe, tantabaru sun yi gida a fiffike, amma hancinta na sama kamar mai jiran a kira ta. Makanikin ya buɗe masa ƙofa. Malam Soumaïla ya cire takalmansa kafin ya shiga. Daɓen yana da gangara, ya hau a hankali yana duban kowace tsaga, bai san wacce ce tasa ba. Iska tana shiga ta wata kafa tana fita ta wata, fuuu, fuuu, ƙarfen kuma yana ƙas, ƙas, saboda rana ta fara dukansa. A nan ya durƙusa ya yi kuka irin wanda bai samu yi ba lokacin rasuwar mahaifiyarsa, domin yana Faransa aka binne ta.

Makanikin ya haska masa farantin. Ya gwada da takardar, lamba bayan lamba, har sau uku, babu wadda ta saɓa. Tsohon ya ce ruwa ya cinye littattafan jirgin tuntuni, wannan ɗan ƙarfen ne kaɗai ya rage. Sannan ya zaro turnabis, abin kwance ƙusa, daga aljihu ya ɗora a kan ƙusar farko.

Ya ce, "Ƙusa huɗu ne. In cire maka?"

Malam Soumaïla ɗan gidan mutunci ne, an yi masa tarbiyya. A garinsu in aka yi maka tayin abu mai daraja ba ka cafkewa kamar mayunwaci. Kana cewa a bari, mai tayi ya nace, ka sake cewa a bari, ya rantse, sannan ka sa hannu biyu ka karɓa. Saboda haka ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "A'a, Mushe, haba. Kada ka wahalar da kanka."

Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da turnabis aljihu, ya ce to, yadda ka so. Malam Soumaïla ya tsaya yana jiran tayi na biyu. Suka sauko, yana jira. Ya ba da goro, tsohon ya jujjuya shi ya yi godiya, yana jira. Har aka rufe ƙofar fili da kwaɗo bai daina jira ba, kuma kunya ta hana shi buɗe baki. Gaskiya kuma, tunda sanarwar rasuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, wani ɓangare na zuciyarsa ya ji sanyi, domin tun a cikin jirgin yake hango ɗan sandan tasha yana zaro ƙarfe mai lambobi daga aljihunsa. Ya ce a ransa Asabar mai zuwa zai dawo da Yaya Sahadatou da wasiƙa mai hatimi.

Da ya ba ta labari da yamma, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

Ta ce, "Soumaïla, ashe ba ka da hankali? Nan Faransa ce! Sau ɗaya ake tayi, ka ce wi ko ka ce non, i ko a'a. Shekara goma sha huɗu, wannan ma ba ka koya ba?"

Ya ce, "Yaya, na ga bai kamata ba ne."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Ashe an riga an sayar da filin za a gina rumbuna, makanikin ma ba a gaya masa rana ba. Ran Laraba da safe masu yankan ƙarfe suka zo da wutarsu. Suka fara da fikafikai, kafin la'asar sun loda ta a manyan motoci uku. Yaya Sahadatou, da hankalinta ya ƙi kwanciya, ta je ran Alhamis ta leƙa ta shinge, ta tarar da taya ɗaya da shatin jiki a kan ciyawa. Ta bi sawu har wurin narkarwa, aka ce mata kayan Laraba sun riga sun shiga wuta, kuma ba wanda ke duba ƙananan faranti.

Marigayiya ta bar ɗa ɗaya, Malam Soumaïla, da suruka, Kadidiatou, da jika, Baraka, mai shekara bakwai, wadda aka haifa a nan kuma ba ta san wata ƙasa ba. Ta bar ƙawa ɗaya a Damagaram, Gwaggo Hassia, wadda ba a gaya wa ba tukuna. Ta bar 'yan'uwa da dama warwatse a duniya, waɗansu har yanzu suna dako a Kongo da Kolombiya. Ta bar tantabaru ba muhalli, da tsohon ma'aikacin gidan waya da ya goge alamar tambaya ya rubuta kwanan wata da tawada. An ce da irin ƙarfenta ake yin tukwane da firam ɗin taga. Tun da Malam Soumaïla ya ji haka, in ya ga sabuwar tukunya a kanti sai ya kau da kai, domin cibinsa yana cikin ɗaya daga cikinsu.

Ranar Asabar da ta wuce, kamar yadda kowa ya ji a rediyo, an cika jirgi da 'yan Mali ɗari da ɗaya an mayar da su Bamako, waɗansu da ankwa. Tun daga lokacin Malam Soumaïla ya daina cin abinci. Komawa gida ba ita ce ke ba shi tsoro ba, gida gida ne. Kujerar jirgin yake gani, da ɗamarar da za a ɗaure shi da ita, da ƙofar da za a rufe, da ƙasa tana nisa, Kadidiatou da Baraka suna cikin abin da ke ƙanƙancewa a ƙasan. Takardarsa ta wucin gadi za ta ƙare ranar Alhamis ashirin da uku ga wata. An ba shi ƙarfe tara na safe. Abin da zai riƙa shi ne takardar matuƙi, da katin kwalin takalma, wanda tsohon ya ba shi, ya kuma karɓa tun a tayin farko. Babu hatimi a kan ko ɗaya.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma ko da ana yi, babu gawa. Za a yi sadaka da addu'a ga masu rai ranar Laraba ashirin da biyu ga Oktoba, bayan la'asar, a ɗakin salla na gidan ma'aikata da ke Montreuil. Masu zuwa su hau metro mai lamba tara. Kowa ya riƙo takardunsa, a zo bibbiyu, kada a yi cincirindo a bakin tasha. Za a raba waina da kunu. Zaman makoki kwana uku aka saba, amma wannan na yini ɗaya ne, wanda ya bari sai Juma'a ba mu yi masa alkawarin zai tarar da mai makoki ba.

Kadidiatou ta rantse ranar Alhamis za ta tsaya a ƙofar ofishin har ya fito ko har a rufe. Ƙarfe huɗu da rabi ake tashin Baraka daga lakkwal, kuma babanta ne ke ɗauko ta kullum. Ana neman mutum ɗaya mai cikakkun takardu da zai tsaya mata a bakin ƙofa. Yarinyar ba ta bin wanda ba ta sani ba, haka ya koya mata. Saboda haka wanda zai je, don Allah ya zo da wuri ranar Laraba, ta ga fuskarsa.